Darasi Domin Direbobi Da Masu Mota: Motar Gas Da Ta Ƙi Ja

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata ya shafi tsohuwar mota mai shan gas, wanda waɗansu ke kira dizal. Ina nufin irin bas ɗin nan da a-kori-kura waɗanda ƙungiyoyin manoma da ƙananan 'yan kasuwa sukan saya na hannu. Su ne ke kai taki da iri ƙauye, su komo da wake da riɗi da gyaɗa. In ka tsaya a bakin hanyar Daura zuwa Zango da Baure, ko hanyar Sandamu, ko kuwa ka je Mai'aduwa ranar kasuwa, za ka gan su: Toyota Hiace mai injin 2L ko 3L ko 5L, da Peugeot J5, da Mitsubishi L300, da tsohuwar Marsandi.

Kukan da na fi ji daga bakin direbobinsu guda ɗaya ne. "Malam, mota tana tashi lafiya, amma ba ta ja. Ina taka totur har ƙasa, sai ta yi ta nishi." Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motar da ba ta ja tana shan mai fiye da kima, ga shi kuwa a shekarar 2022 kaɗai kuɗin gas ya ninka fiye da sau biyu a Nijeriya. Abin da ya fi wannan muni shi ne haɗari. Direba ya fito zai wuce tirela a hanyar Kazaure, ya taka, mota ta ƙi amsawa, ga wata kuma tana tafe a gabansa.

Bari in fara da abin da ya same mu. A kakar 2022 wata ƙungiyar manoma da nake aiki tare da ita, a wani ƙauye gabas da Daura, ta loda riɗi a Hiace ɗinta za a kai kasuwar Dawanau a Kano. A hanya mota ta kasa wuce kilomita 60 a awa. Direban ya ratse wani gareji. Bakaniken ya kasa kunne, ya ce injekta ce. Aka cire ta, aka kai wa mai gyara, mota ta kwana huɗu, aka biya kuɗin buhun riɗi biyu. Da ta dawo sai ta riƙa tashi da kuzari tana fesa baƙin hayaƙi, amma da an hau titi an sa giya ta huɗu sai ciwon ya komo. Injektar nan lafiyarta ƙalau tun farko. Zan gaya muku abin da muka tarar idan mun kai wurin.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: ka fara bincike daga abu mai araha, ka bar injekta sai ƙarshe.

YADDA INJIN GAS YAKE AIKI

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin gas ba shi da shi. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙera shi, ya kuwa yi aiki sosai a 1897. Dabararsa ita ce, fistin ya zuƙo iska zalla cikin silinda, sa'an nan ya matse ta ƙwarai. A injunan Toyota da na ambata ana matse ta kamar sau 22. Iskar da aka matse haka takan yi zafi fiye da digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ya feso gas kamar raɓa, gas ya kama da wuta da kansa, ya tura fistin ƙasa. Famfon da ke auna gas ya tura wa kowane nozul rabonsa shi ne kanikawa ke kira injekta.

Saboda haka inji yana bukatar abu huɗu: isasshiyar iska, gas mai tsabta, feshi a kan lokaci, da matsi mai ƙarfi. In ɗaya ya ragu, ƙarfi ya ragu.

DA FARI, KO INJIN NE MA?

Sau da yawa inji ba shi da laifi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da hawan dutse irin na Filato da za mu ɗora wa laifi, amma muna da lodi. An ƙera Hiace ta ɗauki wajen tan ɗaya, watau buhu goma masu kilo 100. Mu kuwa mukan sa mata ashirin, da awaki a sama, sa'an nan mu ce ba ta ja. Sauke kayan, ka gwada ta wofi tukuna. Ka duba iskar taya kuma.

Sai kuloci. In ka taka totur, kukan inji ya ƙaru amma gudu bai ƙaru ba, har wani lokaci ka ji ƙauri, to kuloci ne ke zamewa. Ga gwajinsa: a fili inda ba kowa a gaba, ja birkin hannu sosai, sa giya ta uku, ɗan taka totur, ka saki kuloci a hankali. Ya kamata inji ya mutu nan take. In ya ci gaba da aiki, faifan kuloci ya cinye. Kada ka maimaita gwajin nan sau da yawa, gama yana ƙara cin faifan.

Birki ma yakan kama. Yi tafiyar kilomita biyar ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, ɗaga ta da jak ka juya. In ta ƙi juyawa da sauƙi, ka sami ɓarawon.

Akwai kuma abin dariya da na taɓa gani har sau biyu. Wayar totur ta saki, ko kuwa kafet ya naɗe a ƙarƙashin abin takawa. Kashe inji, sa yaron mota ya taka totur har ƙasa, kai kuma ka ɗaga kujera ka dubi hannun injekta. Lalle ne hannun ya tafi har ya taɓa notin da ke tsai da shi. In ya rage tazara, ɗaure wayar. Aikin minti biyar ne, ba ko sisi.

HAYAƘI YANA MAGANA

In duk waɗannan lafiya suke, sai mu koma ga inji. Sa wani ya bi ka a babur, ko ka duba madubi, ka lura da abin da ke fita daga salansa sa'ad da ka taka sosai da kaya a mota.

Baƙin hayaƙi yana nufin gas ya fi iska yawa. Ko iska ta kasa, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi, ko wani ya ƙara wa injekta mai. Farin hayaƙi mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba, wanda ke nuna feshi ya makara, ko matsi ya yi rauni, ko iska ta shiga cikin mai. Da sanyin asubar hunturu ɗan farin hayaƙi na minti ɗaya ko biyu ba kome ba ne. Amma in fari ne kamar tururi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to gasket ne ko kan inji ya tsage, ka tsai da motar. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. In kuwa mota ba ta ja, hayaƙi kuma babu ko kaɗan, yunwa take ji, gas ba ya isa gare ta.

ISKA

Mutane kan raina iska domin ba a sayenta. Amma lita ɗaya ta gas ba ta ƙonewa sarai sai da iska fiye da lita 10,000, watau cikin ganga hamsin. Inji mai lita uku da ke gudu a titi yana zuƙar kusan ganga ashirin kowane minti. Dukan wannan iska ta cikin filta guda take bi. Yanzu ka tuna da hazon Disamba da Janairu, da bujin hanyoyin ƙauye inda mota ke bin bayan mota. Lissafin kilomita da masu ƙera mota suka rubuta domin canja filta bai san ƙurarmu ba. A hunturu ina ba da shawara a duba ta kowane mako.

Cire filtar, ka bubbuga ta a hankali a tafin hannu. In za a hura ta a wurin mai faci, a hura daga ɓangaren mai tsabta zuwa ɓangaren ƙura, da iska marar ƙarfi. Sa'an nan ka haska ta da tocila. In haske ba ya ratsawa, ta toshe. In ka ga rami ko da na allura ne, ta mutu. Filtar takarda ba a wanke ta da ruwa, balle fetur. Ka duba bututun da ke kawo iska, gama ɓera yakan yi gida a ciki idan mota ta daɗe a ajiye kusa da rumbu.

Na san direbobin da, in sun ga mota ta fi ja ba filta, sai su jefar da ita su ci gaba da tafiya. Ɗan'uwa, kada ka yi haka. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, tana goge ringi da silinda kamar yadda dutse ke wasa wuƙa. Ka tsere wa kuɗin filta, ka faɗa kuɗin sauke inji.

Iskar da ta shiga dole ta fita. Leƙa ƙarƙashin mota. Bututun salansa da ya bugi kututture ya lotse yana shaƙe inji. In motarka tana da turbo, bi tiyon da ke tsakaninsa da inji, ka nemi tsaga ko wurin da baƙin mai ke tsattsafowa. Motocin da aka yi amfani da su a Turai da yawa suna da wani bawul da ake kira EGR, mai mai da ɗan hayaƙi cikin inji. Idan kunkunniya ta riƙe shi a buɗe, mota takan yi nauyi da baƙin hayaƙi. Wankewa yake so.

Abu ɗaya kuma: iska mai zafi ba ta da nauyi. Da tsakar ranar Afrilu, sa'ad da zafi ya kai digiri 40, iskar da inji ke samu takan ragu da wajen kashi 8 cikin 100 bisa ga ta sanyin safiya mai digiri 15. Wannan ba ciwo ba ne. Mai babban lodi ya yi sammako.

GAS

A nan ne na fi samun matsala, don haka zan daɗe a kai. Gas yakan taso daga tanki, ya bi ta wata 'yar raga a bakin bututun da ke cikin tankin, ya bi tiyo zuwa filta, sa'an nan ya shiga injekta. In hanyar ta ƙuntata, ɗan abin da ke wucewa ya isa inji ya yi aiki a tsaye, har ya yi tafiya a hankali. Amma da ka nemi ƙarfi, sai ya kasa. Shi ya sa bakanike zai saurari inji a gareji ya ji lafiya lau.

Fara da murfin tanki. Bayan doguwar tafiya, buɗe shi kana saurare. In ka ji ya ja iska da ƙarfi, mashigar iskar tankin ta toshe, kamar yadda ruwa ke ƙin fita daga jarka in ba a buɗe ɗan ramin baya ba.

Sai ruwa. A ƙarƙashin filtar gas ta Toyota akwai ɗan famfo na roba, a samanta kuma akwai abin dannawa da hannu. Tara kwalba mai haske, kwance famfon, ka danna sau da yawa. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a gindin kwalba ka gan shi da idonka. Akwai fitila a gaban direba da ke kamawa in ruwa ya taru. Waɗansu sukan cire mata waya don kada ta dame su. Wannan daidai yake da mutum ya kashe karen da ke yi wa ɓarawo haushi.

In ka manta ranar da aka canja filtar, canja ta. Ka sayi ta kirki ko da ta fi tsada, domin jabu ta cika kasuwa, wata ma in ka yanka ta ba abin da za ka tarar sai 'yar takarda kamar ta shan shayi. Bayan ka ɗaura sabuwa, danna abin hannun nan har ya yi tauri, domin iska ta fita.

Tsohon tiyo yakan tsage ya riƙa shan iska ba tare da gas ya zubo waje ba, don haka ba ka ganin alama. Sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da injekta, ka ta da inji. In ka ga kumfa na wucewa ba fasawa, iska na shiga daga wani wuri.

Yanzu ga gwajin da ya warware mana matsalar motar riɗi. Muka zuba gas mai tsabta a jarka, muka ɗaure ta sosai a cikin mota, muka zare tiyon da ke zuwa filta daga tanki, muka sa wani daga jarka. Muka hau titi na ɗan lokaci, gama injekta tana mai da rarar gas cikin tanki, jarka kuwa ba ta daɗewa. Mota ta tashi kamar doki. Ashe laifin yana baya. Da muka sauke tanki sai muka ga ragar nan ta dunƙule da zare da yashi. Murfin tanki ya ɓace tun da daɗewa, direba yana toshe bakin da tsumma da leda. Muka wanke tanki, muka sayi murfi da filta, kuɗin duka bai kai na tiya goma ta riɗi ba. Ni ma ina da laifi, don na sha ganin tsumman nan ban ce kome ba.

Game da irin man da kake sha, ka sani injekta irin ta waɗannan motoci ba ta da baƙin mai a cikinta. Gas ɗin da ke bi ta ciki shi ne ke sa ƙarafanta santsi. Kananzir ba shi da wannan maiƙo, ruwa kuwa tsatsa yake kawowa. Gas da aka gauraya yana rage ƙarfi yau, ya kashe injekta gobe. In dole ta sa ka saya a jarka a bakin hanya, zuba kaɗan a kwalba ka duba, ka sansana. In da hali bar jarkar ta kwana, ka tsiyaye na sama ta mazurari mai raga, ka bar na gindi.

Ga wani sirri ƙarami. A jikin injekta akwai noti biyu masu rami da ke riƙe bututun shiga da na fita. Kamarsu ɗaya a ido, amma na fita, wanda aka buga wa OUT a kai, raminsa ɗan mitsitsi ne, shi ne ke riƙe matsin mai a cikin injekta. In an musanya su wajen ɗaurawa, mota ba za ta ja ba. Idan ciwon ya fara ne bayan wani ya taɓa wurin, duba su.

NOZUL, TAIMIN DA MATSI

Daga nan aiki ya soma fin ƙarfin direba, amma ya kamata ya san abin da zai roƙa. Sa'ad da inji ke aiki a tsaye, bakanike zai rufe notin bututun nozul da tsumma, ya ɗan kwance shi, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya kwance, ya kamata inji ya yi rawa ya rage kuka. Wanda aka kwance ba abin da ya sake, silindarsa ba ta aiki. A cire nozul duka a kai wa mai injin gwaji, ka tsaya ka ga feshin da idonka. Mai lafiya yakan yi feshi kamar hazo, ya yanke tsaf. Marar lafiya yakan yi tsartuwa ko ɗiga. Kada kowa ya sa hannu a gaban feshin. Ƙarfinsa ya ninka na iskar taya fiye da sau talatin, yana huda fata, in kuwa ya shiga sai asibiti da gaggawa.

Taimin shi ne daidaita lokacin feshi. A injin 2L da 3L bel ne ke juya injekta, Toyota kuma ta ce a canja shi kowane kilomita 100,000. In an ɗaura shi da kuskuren haƙori ɗaya, mota za ta tashi, amma da nauyi da hayaƙi. In ya tsinke a kan gudu, fistin zai bugi bawul. A sa bakanike ya nuna maka alamomin sun hau daidai, ya auna tazarar bawul kuma bisa ga abin da littafin injin ya ce.

Matsi kuwa, ga alamarsa. Mota tana wuyar tashi da safe ko da hita na aiki, tana shan baƙin mai, in kuma ka buɗe murfin zuba baƙin mai inji na aiki, sai hayaƙi ya riƙa bugowa kamar tukunyar da ke tafasa. Ringi ya ƙare ke nan. Ba maganin kwalba da zai gyara shi. Ƙungiya ta zauna ta yi lissafi, ko a sauke inji a yi masa aiki, ko a je Ƙofar Ruwa a Kano a nemi wani.

NOTIN DA BA A TAƁAWA

A bayan injekta akwai wani noti da ke ƙayyade iyakar gas da za ta bayar. Masu ƙera ta sukan sa masa hatimi domin kada a taɓa. Shi ne aka murɗa wa motarmu. Gaskiya ne mota takan ɗan ƙara kuzari, shi ya sa direba yake murna ya biya. Amma iskar ba ta ƙaru ba. Rarar man tana fita baƙin hayaƙi, watau kuɗinka ne ke tashi sama, inji kuma yana ɗaukar zafin da ba a yi shi dominsa ba, har kansa ya tsage. In an murɗa da yawa, inji yana iya ɗaukar gudu da kansa ya ƙi sauka. Idan an bi dukan abin da muka faɗa ba a sami laifi ba, sa'an nan ne a cire injekta, a kai ta inda akwai injin aunawa, a saita ta bisa ga lambarta, a mai da hatimi.

Wannan darasi domin tsofaffin injuna ne masu injekta ta ƙarfe zalla. Waɗansu motocin da aka ƙera daga wajen shekarar 2000 zuwa yau kwamfuta ce ke sarrafa feshinsu, matsin mansu kuma ya ninka na tsofaffin fiye da sau goma. A kansu duba iska da filta da kuloci da birki yana nan daram, amma kada a kwance bututun nozul inji na aiki. A kai wa mai na'urar karanta laifi.

Kafin ka fara kowane gyara, nemi miƙaƙƙen titi marar cunkoso. Da mota wofi, a giya ta huɗu, sa yaronka ya riƙe agogo ya ƙidaya daƙiƙa nawa take ɗauka daga kilomita 40 zuwa 70. Rubuta a littafin mota tare da kwanan wata. Gyara abu ɗaya kaɗai, ka koma wurin ka sāke aunawa, ka rubuta. Ranar taron ƙungiya direba ya zo da littafin, a karanta a gaban ma'aji kafin a fitar da kuɗin gyara na gaba.